Game Bar ta ƙi fitowa a Windows

Ɗan'uwa da kake cewa ka danna Win+G (maɓallin Windows da G tare) kana cikin wasa amma Game Bar, wato abin Windows na ɗaukar hoto da bidiyon wasa, ba ta fitowa, fara buɗe Paramètres, in Windows 10 ne ka shiga Jeux ka duba ko a kunne take. In a kunne ne, nemi Game Bar cikin Applications, a sabon Windows 11 kuwa tana ƙarƙashin Composants système, ka shiga Options avancées ka danna Réparer, in bai yi ba sai Réinitialiser, ka kashe kwamfutar ka sake kunnawa. In da rezo, leƙa Microsoft Store ka sabunta ta.

Amma fa abin da na fi zargi, wasu kwamfutocin da ake saye nan Damagaram masu gyara Windows ɗin da aka rage ma nauyi suke zuba musu daga kile, an riga an cire Game Bar gaba ɗaya, to wannan ko ka kwana kana danna Win+G ba abin da zai fito, sai dai ka sauko da ita daga Store ko a sake maka Windows cikakke.

Wasu wasannin kuma in sun cika allo suna ɓoye ta, maida wasan cikin taga ka gwada.