Wa ya jera sinadarai a jadawalin nan?

Tambaya: Malam, ina aji biyar na sakandare a wani ƙauye kusa da Maigatari. Jadawalin sinadaran da ke manne a bangon ajinmu, mutum ɗaya ne ya zauna ya tsara shi?

Amsa: A'a ɗana, hannu da yawa ne, sai dai sunan ɗaya ya fi fita.

Fara da kasuwarku ta Maigatari da ke ci ranar Alhamis. In ka ƙirga daga Alhamis, rana ta takwas Alhamis ce kuma, rana ita yau ke nan. Haka wani Bature ɗan Ingila, Jon Nyulands, ya lura a 1865: in aka jera sinadarai daga mara nauyi zuwa mai nauyi, na takwas yakan ɗauko halin na farko. Sodiyam da ke cikin gishiri da kanwa, da fotasiyam na cikin tokar murhu, 'yan gida ɗaya ne. Dariya aka yi masa, don lissafin nasa yana wargajewa bayan kalsiyam.

A 1869 Dimitiri Mendeliyef na Rasha ya jera sinadarai wajen 63 da aka sani. Abin da ya sa na fi jinjina masa, bai cusa kowa inda bai dace ba. Inda babu mai halin gurbi, sai ya bar wurin fayau, ya ce mai shi na tafe, har ya faɗi nauyinsa. A 1875 aka gano galiyam a Faransa, ƙarfen da ya cike ɗaya daga cikin gurabun nan. Wanda ya gano shi ya auna, ya ce nauyinsa ya ninka na ruwa sau 4.7. Mendeliyef, da bai taɓa ganin ƙarfen ba, ya ce a sake awo, wajen 5.9 ne. Aka tace aka sake, maganarsa ta fito. Jamaniyam ma ya zo a 1886 ya zauna a gurbinsa.

Duk da haka akwai inda gizo ke saƙa. Teluriyam ya fi ayodin nauyi, amma halinsa ya tilasta a sa shi kafin ayodin. Henri Mozli, wani masanin kimiyya ɗan Ingila, ne ya warware wannan a 1913: ashe yawan furoton, wato wasu ƙananan ƙwayoyi da ke tsakiyar ƙwayar zarra, ne ke ba kowa lambarsa, teluriyam 52, ayodin 53. Yaƙin duniya na farko ya ci shi a 1915 yana ɗan shekara 27.

Yanzu sinadaran 118 ne, huɗu na ƙarshe a 2016 aka raɗa musu suna. Duba naku da kyau, in tsohon bugu ne za ka ga layi na bakwai bai cika ba.