Tambayi Likita: Zaburar jariri, yaron da ke yawan faɗuwa, da ƙarancin ƙwararru

Likita, ɗana watansa 6. Da ya farka barci sai ya riƙa zabura, ya dunƙule kai da hannuwa sau da yawa a jere, sannan ya fashe da kuka. An ce ciwon ciki ne. Ga shi ya daina murmushi. — Wata uwa

Baiwar Allah, kada ki bari a kwana biyu ba a kai shi wurin likitan yara ba. Abin da kika kwatanta ya yi kama da wata farfaɗiyar jarirai da ake kira cutar West, wadda likitan Ingila William West ya fara bayyanawa a 1841 bayan ya gan ta a jikin ɗansa na cikinsa. Takan fara ne kafin yaro ya cika shekara, kowace zabura daƙiƙa ɗaya ko biyu, amma a jere, galibi bayan farkawa. Shi ya sa ake yawan ɗora wa ciki laifi.

Abin da ya fi damuna a saƙonki shi ne murmushin da ya ɗauke. Yaron da ya yi jinkirin koyon abu daban, wanda ya iya sannan ya mance daban. Na biyun shi ne ke tayar wa likita hankali. Ki ɗauki bidiyonsa da waya, domin da wuya ya yi a gaban likita. Za a yi masa gwajin EEG, wato a manna masa wayoyi a ka a karanta aikin ƙwaƙwalwa, sai hoton MRI. Maganinta prednisolone ne ko ACTH ko vigabatrin, kuma jinkirin makonni kawai yana iya taɓa basirar yaro.

Yarona shekararsa 4, yana tafiya a kan yatsun ƙafa, yana yawan faɗuwa, idan zai tashi sai ya dafa gwiwoyinsa. Amma sharaɓarsa manya ne. — Wani uba

Malam, girman sharaɓar nan ba ƙarfi ba ne, yana iya zama kitse ne ya maye gurbin tsoka. Ka nemi a auna CK a jininsa, wato wani sinadari da ke ƙaruwa a jini idan tsoka na lalacewa. Idan ya haura sosai, sai gwajin ƙwayoyin gado don tabbatar da cutar Duchenne mai raunana tsoka, wadda ke kama kusan yaro namiji 1 cikin 3,500 zuwa 5,000. Ba a warkar da ita tukuna, amma magani da gashin ƙashi da duba zuciya a kai a kai suna tsawaita tafiya da rayuwa. Kuma don Allah kada a ɗora wa uwarsa laifi: ko da ta wajenta aka gada, ba ta sani ba, a wasu yaran ma ba gado ba ne, a jikinsu ta faro.

Ina karatun likitanci, ina sha'awar fannin ƙwaƙwalwa da jijiyoyin yara. Me ya sa ƙwararrunsa suka yi ƙaranci? — Wani ɗalibi

Hanyar ce da tsawo, ɗalibi. A Amurka shekara 5 ake yi bayan kammala digirin likita, 2 a fannin yara, 3 a ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Ga tsadar na'urori, ga ƙarancin masu koyarwa. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wani shiri kan farfaɗiya da cututtukan jijiyoyi zuwa 2031, kuma horar da ma'aikata na ciki. A ganina kafin ƙwararru su wadata, a fara da koya wa likitan da ke fara ganin yaro ya san lokacin tura shi gaba. Ka ɗauki misalin cutar Dravet, wata farfaɗiya mai tsanani da ke farawa tun ana jariri: carbamazepine, maganin farfaɗiya da kowa ya saba rubutawa, ƙara mata wuta yake yi. Ka shigo, ana neman irinku.