Amsoshin Tambayoyinku: Wa ke naɗa shugaban jami'o'in Karolina ta Arewa, wa ke sauke shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin jami'a ne a Zariya. Mun saba jin cewa a Amurka 'yan siyasa ba sa tsoma baki a harkar jami'o'in gwamnati, amma wani abokin aikina da ya yi karatu a jihar Karolina ta Arewa ya ce an taɓa sauke shugaban jami'o'in jihar ba tare da an kama shi da laifi ba, aka naɗa wata tsohuwar minista a madadinsa. Ina neman ƙarin bayani.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abokin aikinka ya faɗi gaskiya, sai dai labarin ba zai fito sarai ba sai an fara sanin yadda aka tsara jami'o'in. Tun daga 1972 jihar ta haɗe jami'o'inta na gwamnati a ƙarƙashin inuwa ɗaya, kuma a yau gamayyar ta ƙunshi cibiyoyi 17, wato jami'o'i 16 da makarantar sakandare ɗaya ta ɗalibai masu hazaƙa a kimiyya da lissafi. Mafi daɗewa a cikinsu ita ce ta garin Chapel Hill, wadda ta fara karɓar ɗalibai a 1795. Kowace jami'a tana da shugabanta da kwamitin amintattunta, amma a samansu akwai shugaban gamayya guda ɗaya, shi kuma yana ƙarƙashin hukumar gudanarwa wadda ke da ikon naɗa shi da kuma sauke shi. Inda gizo ke saƙar shi ne majalisar dokokin jihar ce ke zaɓar 'yan wannan hukuma gaba ɗaya, gwamna ba shi da kujera ko ɗaya da zai cike, balle malamai. Saboda haka duk jam'iyyar da ke da rinjaye a majalisa, cikin 'yan shekaru hukumar za ta koma hannun mutanenta.

A zaɓen 2010 jam'iyyar Rifablikan ta kama zaurukan majalisar guda biyu, abin da ba ta yi ba fiye da shekara ɗari. Tom Ross, tsohon alƙali wanda aka san ya fi kusa da jam'iyyar Dimokurat, ya hau kujerar shugabancin gamayyar a farkon 2011, a hannun tsohuwar hukuma. Kafin shekara huɗu hukumar ta sauya kusan gaba ɗaya, kuma a Janairun 2015 ta sanar da shi cewa shekara guda ta rage masa. Shugaban hukumar na lokacin, John Fennebresque, ya zauna a gaban 'yan jarida yana yaba aikin Ross, yana musanta cewa siyasa ce, amma ya kasa kawo dalilin da ya sa ake sallamar mutumin da yake yabo. A watan da ya biyo baya hukumar ta rufe wasu cibiyoyin bincike uku, ciki har da wadda ke nazarin talauci a Chapel Hill, wadda shugabanta ya yi ƙaurin suna wajen sukar 'yan majalisa a jaridu.

A Oktoban 2015 aka zaɓi Margaret Spellings, wadda ta riƙe ma'aikatar ilimi ta Amurka daga 2005 zuwa 2009 a gwamnatin George W. Bush. Malamai da ɗalibai sun yi zanga-zanga, suna cewa an yi zaɓen a ɓoye kuma ba ta taɓa koyarwa a jami'a ba. A ganina, abin da ya biyo baya ya fi naɗin nata koyar da darasi. Ita 'yar Rifablikan ce ta gaske, amma hakan bai hana ta shan wahala a hannun hukumar da ta kawo ta ba. A 2017, da ta rubuta wa gwamnan jihar, Roy Cooper na Dimokurat, a kan barazanar tsaro da ke tattare da wani mutum-mutumin sojan ɓangaren kudu na yaƙin basasar Amurka da ke tsaye a harabar Chapel Hill tun 1913, sai wani rukuni na 'yan hukumar ya aika mata da takardar tsawatarwa. Wasu 'yan hukumar sun riƙa shiga ayyukan yau da kullum waɗanda a ƙa'ida na ofishinta ne. An ba ta kwantiragin shekara biyar, amma a Oktoban 2018 ta sanar da murabus, ta tafi bayan kimanin shekara uku.

Shi kuwa mutum-mutumin, masu zanga-zanga sun tumɓuke shi a Agustan 2018. Shugabar jami'ar Chapel Hill, Carol Folt, ta ba da umarnin a kwashe ginshiƙinsa a Janairun 2019, a ranar da ta sanar da nata murabus, hukumar kuma ta gaggauta tafiyarta kafin lokacin da ta ɗiba wa kanta. Ka ga ke nan, Malam, shugabanni uku ne suka bar kujerunsu cikin shekara huɗu, kuma babu wanda aka zarga da cin kuɗi ko gazawa a aiki.

Tambaya: Ranka ya daɗe, 'yata ta samu gurbin digiri na biyu a ɗaya daga cikin jami'o'in wannan jiha. Shin wannan rikicin shugabanci yana taɓa karatun ɗalibai da darajar takardar shaidarsu? Daga wata uwa a Kaduna.

Amsa: Hajiya, Allah ya sa albarka a karatun. Ki kwantar da hankalinki a kan takardar shaida, domin jami'o'in suna nan da amincewar hukumomin tantancewa, kuma darussa da ɗakunan bincike suna tafiya ba tare da yajin aiki ba. Inda rikicin ke taɓa ɗalibi shi ne wajen malaman da ake ɗauka ko ake rasawa. Misali, a 2021 kwamitin amintattun Chapel Hill ya jinkirta bai wa 'yar jarida Nikole Hannah-Jones kujerar farfesa ta dindindin duk da cewa malaman sashen sun amince da ita, kuma ko da aka ba ta daga baya sai ta ƙi karɓa, ta tafi Jami'ar Howard. A Mayun 2024 kuma hukumar ta soke manufar da ta kafa ofisoshin kula da bambancin jinsi da launin fata, aka rufe wasunsu. Yana da kyau 'yarki ta tuntuɓi sashenta ta tabbatar cewa malamin da take son ya duba bincikenta yana nan, kuma tallafin kuɗin da aka yi mata alkawari a rubuce yake.

Tambaya: Idan wakilan jama'a ne ke ware wa jami'a kuɗi daga harajin jama'a, mene ne aibu don sun zaɓi wanda zai shugabance ta? Ni ina ganin malamai ne kawai ke son su ci kuɗin gwamnati ba tare da mai tambayarsu ba. Daga wani ma'aikacin gwamnati mai ritaya a Sakkwato.

Amsa: Alhaji, hujjarka tana da ƙarfi, kuma ita ce 'yan majalisar jihar suke kafawa. Suna kuma da abin nunawa: an daskarar da kuɗin makaranta na 'yan asalin jihar masu digirin farko na tsawon shekaru tun daga 2017, sannan daga 2018 aka mayar da kuɗin zango dala 500 kacal ga 'yan jiha a wasu jami'o'i uku, daga baya aka ƙara ta huɗu. Wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne ga 'ya'yan talakawa a ƙasar da bashin karatu ke bin mutum har tsufansa. Haka kuma katsalandan ɗin bai fara da Rifablikan ba. A 1963, lokacin da Dimokurat ke riƙe da majalisar, an kafa dokar da ta hana 'yan gurguzu yin jawabi a harabar jami'o'in jihar, shugaban gamayyar na wancan zamani, William Friday, ya yi adawa da ita, kotun tarayya kuma ta soke ta a 1968.

Inda na saɓa da kai shi ne a kan bambancin da ke tsakanin sa ido da mallakewa. A Disamban 2016, bayan Cooper ya ci zaɓe amma kafin a rantsar da shi, majalisa ta ƙwace ikon da gwamna ke da shi na naɗa wasu daga cikin amintattun kowace jami'a, ta mayar wa kanta. Daga baya ta rage 'yan hukumar daga 32 zuwa 24. A 2020 aka naɗa Peter Hans, tsohon shugaban hukumar wanda ya yi wa 'yan majalisar tarayya na Rifablikan aiki, a matsayin shugaban gamayya, kuma a shekarar aka ba shi damar saka sunan wanda yake so a cikin masu neman shugabancin kowace jami'a. A 2021 wani ɗan hukumar, Darrell Allison, wanda ya ajiye kujerarsa don ya nemi muƙamin, ya zama shugaban Jami'ar Jiha ta Fayetteville. A 2024 Lee Roberts, tsohon daraktan kasafin kuɗin jihar a gwamnatin Rifablikan kuma tsohon ɗan hukumar, ya zama shugaban Chapel Hill. Wataƙila kowannensu ya iya aikinsa, amma idan mai sa ido shi ne ke komawa kujerar wanda yake sa wa ido, kuma jam'iyya ɗaya ce ke cike dukkan kujerun a jihar da ƙuri'unta suke kusan rabi da rabi, to babu sauran wanda zai yi tambayar da kake so a yi.

A Nuwamban 2022 Gwamna Cooper ya kafa kwamiti don duba tsarin, ya ɗora Ross da Spellings su jagorance shi tare, wato wanda aka sauke da wadda ta gaje shi. A 2023 suka ba da shawarar a faɗaɗa hukumar kuma a ware wa jam'iyyar da ba ta da rinjaye kujeru a cikinta. Sauya tsarin yana buƙatar sabuwar doka daga majalisar da ke riƙe da ikon, ita kuwa ba ta ɗauki shawarar ba.