An kama ɗan kulob ɗinmu na rediyo, yaya za mu yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ne sakataren kulob ɗinmu na masu sha'awar rediyo, wato masu lasisin yin magana da juna ta na'urar rediyo. An kama wani daɗaɗɗen mambanmu bisa zargin babban laifi. Shi ke koya wa yara Morse (aika saƙo da gajeru da dogayen sautuka), makullin tashar kulob ma yana hannunsa. Tun ranar, hirarmu ta dare a kan rifita (na'urar da ke karɓar murya ta sake watsa ta nesa) ta koma cacar baki. Wasu na cewa lasisinsa ya mutu, in ya samu beli ya hau iska a toshe shi. Wasu na cewa sharri aka ƙulla masa. Wallahi ina tsoron kulob ɗin ya watse.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya sawwaƙe. Ku fara da abin da ke hannunku: ku karɓi makullin ta hannun iyalinsa, ku sauya kalmomin sirrin rifita da na sarrafa tasha daga nesa, ku dakatar da shi daga ajin yara har kotu ta gama. Ku rubuta masa a takarda cewa dakatarwa ce, ba hukunci ba. Littafin rajistar kira kuma kar kowa ya taɓa shi, ko shafi ɗaya, domin masu bincike na iya nemansa.

Lasisi kuwa, ba kulob ya bayar ba, ba kulob zai soke ba. Kowace ƙasa da dokarta, amma dubi Amurka. Tun 2017 hukumar sadarwa ta ƙasar, FCC, ke tambayar mai neman lasisi ko kotu ta taɓa samunsa da babban laifi, ba ta tambayar ko an taɓa kama shi. Kevin Mitnick, wanda aka kama a 1995 kan kutsen kwamfuta, ya fito daga kurkuku a 2000, kuma a 2002 aka amince da sabunta lasisinsa na rediyo bayan an saurari bahasi. Mai rifita na da damar hana wani hawa rifitarsa, amma zangon iska ba mallakar wani mutum ba ne. Wanda ya danna makirufo don ya danne muryar wani, nasa lasisin ya sa a haɗari.

To, ga abin da ya fi damuna, kuma kullum sai na gamu da shi: zaton da 'yan kulob ke yi cewa hirar iska hira ce ta tsakaninsu. Wa ya gaya muku? Dokar wannan fanni ta hana ɓoye ma'anar saƙo, don haka duk mai 'yar rediyon hannu, ko 'yar na'urar nan ta SDR da ake soka wa kwamfuta ta koma rediyo, yana jin ku raɗau, yana iya naɗa. Ku goma ne ke magana, masu saurare ba ku san adadinsu ba. Ga shi kowannenku yana faɗin lambar kiransa da bakinsa, a Amurka ma duk minti 10, lambar da za a duba a intanet a ga suna da adireshi. Wato ka yi ƙazafi, ka kuma sa hannu a ƙasa.

Sai ka ji mutum ya danna maɓalli ya ce, ai dama ni tuntuni ban yarda da shi ba. Wani ya ce wani ɗan sanda ya tsegunta masa. Na uku, lauyan da bai taɓa shiga aji ba, ya fara lissafa shekarun ɗauri. Mafi muni, a yi ta zagaye-zagaye har a gane wanda ya kai ƙara, alhali mai yiwuwa yaro ne da iyayensa ke saurare. Magana zarar bunu ce. Wanda ya ce ya daɗe da sani, gobe lauya zai tambaye shi me ya sani, kuma me ya hana shi faɗa. Masu karewa ma ba su tsira ba, domin kiran mai ƙara maƙaryaci a iska na iya zama tsoratar da shaida. Haba jama'a, eriyar da kuka sha wahalar ɗagawa don tsegumi kuka ɗaga ta?

Ka sa mai jagorantar hira ya sanar tun a buɗewa cewa ba a tattauna shari'ar a iska, wanda ya ɗauko ta a wuce shi zuwa na gaba. Mai wani bayani na gaske ya kai wa masu bincike. Masu son haɗa masa kuɗin lauya su yi daga aljihunsu, ba daga asusun kulob ba. Iyayen yaran kuma ku kira su ɗaya bayan ɗaya a waya, yau ɗin nan, kafin su ji a rifita.