Ina 'yan wasan besbol ke nufa idan sun bar kulob ɗinsu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai bin ƙwallon ƙafa ne, amma tun da na ji kuɗin da aka zuba wa Shohei Ohtani na fara leƙa wasan besbol. A ƙwallon ƙafa na san idan ɗan wasa ya bar kulob, ko dai an saye shi, ko ya tafi aro, ko kwantiraginsa ya ƙare ya tafi a kyauta. In girma ya kama shi kuma sai ya nufi Saudiyya. To su 'yan besbol fa, me suke yi bayan sun rabu da tsohon kulob ɗinsu? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin a san inda ɗan besbol zai nufa, sai an fara sanin kwana nawa ya yi a babbar gasar Amurka, wato MLB. A can ƙirga kwanaki ake yi. Duk kwana 172 da mutum ya yi a cikin jerin 'yan wasan babban kulob, an rubuta masa shekara ɗaya. Sai ya tara shida kafin ya samu 'yancin zaɓen inda zai je da kansa. Kafin nan kulob ne ke da wuƙa da nama. Zai iya musayarsa da wani ɗan wasa ba tare da an nemi yardarsa ba, yau yana Chicago, gobe a kira shi a waya a ce ya haɗa kayansa ya nufi Miami, kwantiraginsa ya bi shi can. Wannan ne babban bambanci da ƙwallon ƙafa, inda ciniki ba ya faɗawa sai ɗan wasa ya amince ya sa hannu.

Su ma shekara shidan ba a banza aka same su ba. A 1969 St. Louis Cardinals ta yi musayar Curt Flood zuwa Philadelphia, shi kuwa ya ce ba inda za shi. Ya rubuta wa shugaban gasar, Bowie Kuhn, cewa shi ba haja ba ne da za a saya a sayar. Shari'a ta kai Kotun Ƙoli, a 1972 ya sha kaye. Wasa 13 kacal ya ƙara bugawa a rayuwarsa, daga baya ya koma tsibirin Mayoka na Sifen da zama. Amma ƙofar da ya ƙwanƙwasa ta buɗe a 1975, lokacin da mai sasanci Peter Seitz ya 'yanta Andy Messersmith da Dave McNally, yarjejeniyar 1976 kuma ta kafa dokar shekara shida. Ka ga sun riga ƙwallon ƙafa da shekara ashirin, don hukuncin Bosman, wanda ya ba ɗan ƙwallo damar tafiya a kyauta in kwantiraginsa ya ƙare, sai a 1995 ya zo.

Ohtani da ka ambata ya cika shidansa ne a Los Angeles Angels, daga 2018 zuwa 2023, sannan ya tsallaka Los Angeles Dodgers a kan dala miliyan 700 na shekara goma. Shekara guda bayan haka Juan Soto ya bar Yankees ya koma Mets a kan miliyan 765 na shekara 15. Ba zan daɗe a kan waɗannan ba, domin su dutsen cikin ruwa ne, ba su san ana rana ba. Mafi yawan masu barin kulob ba da son ransu suke fita ba.

Ga yadda sallama take. Kowane kulob yana da jerin mutum 40. In ana son gurbin wani, sai a cire sunansa, kulob ya samu kwana bakwai ya yanke shawara: ko ya yi musayarsa, ko ya sa shi a kasuwa sauran kulob-kulob 29 su gani ko akwai mai so. In babu wanda ya taya, sai a tura shi ƙaramar gasa ko a sallame shi gaba ɗaya. Abin da zai ba ɗan ƙwallon ƙafa mamaki shi ne, yawancin kwantiragin MLB ba ya mutuwa da sallama, sai an biya mutum kuɗinsa cif. Dubi Albert Pujols. A watan Mayun 2021 Angels ta sallame shi yana ɗan shekara 41, a shekarar ƙarshe ta kwantiragin dala miliyan 240. Dodgers ta ɗauke shi a kan mafi ƙarancin albashi, Angels kuma ta ci gaba da biyan sauran, wato yana buga wa maƙwabta wasa da kuɗin tsohon gidansa. A 2022 ya koma Cardinals inda ya fara, ya kai hom-ron 703, wato bugun da ke fitar da ƙwallo bayan katanga, sannan ya yi ritaya. Bai zauna ba. Ya koma ƙasarsa Jamhuriyar Dominika ya zama kocin Leones del Escogido, suka ci kofin ƙasar da na yankin Karebiyan a farkon 2025.

Labarin da Amurkawa ba sa gajiya da shi kuwa na Bobby Bonilla ne. Mets ta sallame shi a 2000 yana bin ta dala miliyan 5.9. Aka daidaita a jinkirta biya da ƙarin ruwa, don haka tun 2011 kowace ranar 1 ga Yuli ake tura masa kusan dala miliyan 1.19, har zuwa 2035. Rabonsa da fili tun 2001.

Wanda ba shi da suna fa? Shi ne abin dubawa. Yawanci yakan karɓi kwantiragin ƙaramar gasa a wani kulob, tare da gayyatar zuwa atisayen share fage da ake yi a Florida ko Arizona a watannin Fabrairu da Maris. Yana da 'yan makonni ya burge koci. In bai samu gurbi ba, ya koma mataki na ƙasa da MLB da ake kira Triple-A, ya zauna jiran wani ya ji rauni a kira shi. Tazarar ba kaɗan ba ce: mafi ƙarancin albashi a MLB a 2024 dala 740,000 ne, na Triple-A kuwa bai kai 40,000 ba, shi ɗin ma sai da 'yan ƙananan gasa suka shiga ƙungiyar ƙwadago a 2022 kafin ya kai haka. A lokacin sanyi wasu kan tafi Dominika ko Benezuwela ko Meziko su buga gasar hunturu don kada a manta da su.

Hanyar da ta fi burge ni ita ce ta gabas. Japan na da kulob 12, Koriya ta Kudu na da 10, ga kuma Taiwan. Kada ka kwatanta wannan da tafiya Saudiyya cin kuɗin tsufa, domin da yawa sukan je ne su gyara wasansu su dawo. Eric Thames ya kasa samun wurin zama a Toronto da Seattle, sai ya tafi NC Dinos ta Koriya a 2014. A Amurka yana zaman benci, yau a sa shi gobe a ajiye shi. A Koriya kullum yana fili, kuma masu jifan can, wato masu jefo wa mai bugu ƙwallo, sun fi yawan jefa ƙwallo mai lanƙwasa, dole ya koyi haƙuri ya daina kai wa kowace ƙwallo duka. A 2015 ya buga hom-ron 47, ya saci tasha 40, wato ya ruga daga wannan tasha zuwa ta gaba ba tare da an buga ƙwallo ba, aka ba shi gwarzon gasar. Milwaukee ta dawo da shi a kan dala miliyan 16 na shekara uku. Gaba ta kai shi, gobarar Titi. Merrill Kelly ma bai taɓa taka filin MLB ba kafin ya yi shekara huɗu a SK Wyverns, amma a 2023 shi ne ya yi wa Arizona jifa a wasa na biyu na World Series, wato jerin wasannin ƙarshe na cin kofin MLB.

Ƙasa da duk waɗannan akwai gasa masu zaman kansu, irin Atlantic League, inda kuɗi kaɗan ne, tafiya kuma a bas. A 2015 Rich Hill, yana ɗan shekara 35, ya je Long Island Ducks ya yi jifa a wasa biyu. Boston ta gani ta ɗauke shi, ƙarshen 2016 kuma Dodgers ta ba shi dala miliyan 48. Irinsa ɗaya ne cikin ɗaruruwa, sauran daga nan gida suke wucewa.

A Japan abin ya fi tsari, kuma ya fi ban tausayi. A watan Oktoba kulob kan kira ɗan wasa ofis a shaida masa ba ya cikin lissafin baɗi. A Nuwamba waɗanda aka sallama sukan taru a fili guda don gwaji, kowa sanye da rigar kulob ɗin da ya kore shi, iyalansa na kallo daga kujeru. Kaɗan ake ɗauka. Wasu su koma buga wa ƙungiyoyin kamfanoni, wasu tsohon kulob ya riƙe su a matsayin masu jefa wa 'yan wasa ƙwallo a atisaye, wasu su buɗe gidan gasa nama.

In wasa ya ƙare ɗungurungum, kwanakin nan su ne dai ke magana. Kwana 43 a jerin babban kulob na MLB ya isa mutum ya shiga tsarin fansho, shekara goma kuma ke ba da cikakke. Shi ya sa za ka ga ɗan shekara 36 yana ta fafutukar ƙarin wata biyu, ba don kofi ba. Daga nan wasu koci, wasu farautar matasa masu hazaƙa, wasu sharhi a talabijin. Aaron Boone daga sharhi a ESPN ya zama kocin Yankees a 2018. Dave Roberts yana jan Dodgers tun 2016. Derek Jeter ya sayi hannun jari a Miami Marlins ya shugabance ta daga 2017 zuwa 2022.

Akwai wata al'ada tasu da ban ga irinta sosai a ƙwallon ƙafa ba, kwantiragin kwana ɗaya. Hideki Matsui ya zama gwarzon World Series na 2009 da Yankees, amma ba su sabunta masa ba, ya zaga Angels da Oakland da Tampa Bay. A watan Yulin 2013 suka kira shi filinsu na New York, aka ajiye tebur a gaban 'yan kallo, ya sa hannu a kwantiragin yini guda, don a rubuta cewa a matsayin ɗan Yankees ya yi ritaya.