Amsa ga mai tambaya kan sayen kayan ɗaurin ƙudan fatsa a lokacin hunturu

Assalamu alaikum ɗan'uwa, barka da sanyi. Ka ce a watannin zafin da suka wuce ka fara kamun kifin tirawut da ƙudan fatsa, wato ƙugiyar da ake ɗaura wa gashi da zare har ta yi kama da ƙwaro, a nan Sikotilan, cewa tun da aka rufe kamun a ranar 6 ga Oktoba kake zaune babu abin yi, kuma wani abokin aikinka ya ba ka mariƙin ƙugiya da almakashi da mariƙin zare. Kana da kimanin fam 150, kana so ka sani ko ka sayi akwatin nan da ake haɗa wa masu koyo, ko ka jira rangwamen ƙarshen shekara ka sayi kayan ɗaya bayan ɗaya, domin ka ɗaura naka ƙudan kafin a sake buɗewa a ranar 15 ga Maris.

Akwatin dai ba zan ba ka shawarar sayensa ba, tunda kayan aikin da suka fi muhimmanci a cikinsa kana da su. Ni da shi na fara shekara goma sha ɗaya da suka wuce, kuma har yau akwai ƙunshin gashin tsuntsu rinanne, shuɗi da ja da ruwan hoda, da ban taɓa kwance shi ba, alhali abin da nake buƙata da gaske, wato ƙugiyoyi masu kyau da gashin zakara mai tauri, shi ne aka zuba kaɗan kuma mafi ƙasƙanci. A hunturuna na biyu sai na faɗa wani kuskuren da ya fi wannan tsada, na riƙa shiga shago ba tare da takarda a hannu ba, ina sayen duk abin da ya ba ni sha'awa a jikin bango. Shagon kayan ɗauri wuri ne da ido ke cin kuɗin mutum, musamman a Disamba da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma, mutum yana kewar bakin kogi.

Abin da nake yi yanzu shi ne, kafin in kashe ko sule, sai in buɗe akwatin ƙudana in duba gurbin da ya yi fanko, domin ƙudan da ya ƙare shi ne wanda ya kama kifi ko ya maƙale a bishiya saboda yawan jefa shi. Kai ma ka yi haka, ka zaɓi iri biyar ko shida kacal, ka rubuta abin da kowanne yake ci daga ƙugiya har zuwa kai, sannan ka lissafa guda nawa kake so na kowane girma. Ga kogunan da ke kusa da mu, irin Tweed da Clyde da Annan, da ni ne zan ɗauki ƙudajen da ake kira Pheasant Tail da Hare's Ear don ƙarƙashin ruwa, Partridge and Orange don tsakiya, sai F-Fly da Klinkhamer da Greenwell's Glory don saman ruwa. Idan ka jera kayansu a takarda za ka ga yawancinsu suna maimaita juna, kuma jerin bai kai rabin abin da kake tsammani ba. Frank Sawyer, mai kula da kogin Avon a kudancin Ingila, ya ƙirƙiro Pheasant Tail da abu biyu kawai bayan ƙugiya, gashin jelar fezan, wani tsuntsun daji mai doguwar jela, da siririyar wayar jan ƙarfe, ko zare bai sa ba, kuma babu inda ake kamun tirawut a duniya da ba a san wannan ƙudan ba.

Kuɗinka na gaske wuri biyu zai tafi. Na farko ƙugiya, domin ita ce kaɗai abin da ke tsakaninka da kifin, kuma babu takaicin da ya kai ka ɓata minti goma kana ɗauri a kan ƙugiyar da za ta miƙe ko ta karye ranar da babban kifi ya kama. Ka tuna cewa lambarta tana ƙaruwa ne yayin da take ƙanƙancewa, saboda haka lamba 16 ta fi 12 ƙanƙanta. Ka tsaya a 12 da 14 da 16 a bana, mai nauyin waya don ƙudan da ke nutsewa, mai sirara don wanda ke yawo a sama. Ƙugiyoyin kamfanonin Kamasan da Fulling Mill da Partridge da Tiemco duk na yi aiki da su ban ga aibu ba. Ƙunshin 100 ya fi na 25 sauƙi idan ka raba kuɗin, amma sai ga girman da ka tabbata za ka cinye, wanda a wurina lamba 14 ce. Ka duba ƙa'idar ruwan da kake da lasisinsa tun yanzu, domin wurare da dama suna son ƙugiya marar ƙayar baya, kuma gara ka saye ta a haka da ka zauna kana danne ƙaya ɗaya bayan ɗaya.

Na biyu shi ne gashin zakara da ake naɗawa a wuyan ƙudan saman ruwa, kuma a nan ne araha ba ta ado. Waɗannan zakarun ba irin na gidajenmu ba ne, an shafe shekaru da dama ana zaɓen irinsu don gashin kawai, har ya zama dogo, siriri, mai tsinke mai laushi da zarurruka masu tauri da ke riƙe ƙuda a kan ruwa. Gonar da ta fi shahara a wannan harka ita ce Whiting a jihar Kolorado ta Amurka, sai kuma Metz. Ana sayar da fatar wuya daban, fatar baya daban. Fatar wuya tana ɗauke da gashi na kowane girma, daga na manyan ƙugiyoyi har zuwa ƙanana ƙwarai, ita kuwa fatar baya gashinta ya fi tsawo, guda ɗaya yana ɗaura ƙuda da yawa, amma girma biyu ko uku kawai take bayarwa. Ga mai farawa, rabin fatar wuya ya wadatar, kuma daraja ta ƙasa da kamfanin ke sayarwa ta ishe ka, domin bambancin darajojin ya fi yawa a adadin gashi da tsawonsa, ba a kyan ƙudan da zai fito ba. Launi biyu za ka fara da su, mai wake-wake na baƙi da fari, da kuma ja mai baƙin tsakiya wanda Greenwell's Glory ke so. Idan kana da abokin koyo, ku sayi fata biyu cikakku ku raba kowacce biyu. Fatun Indiya masu araha suna da amfaninsu a jela da ƙudan nutsewa, amma kada wani ya sayar maka da su a matsayin na saman ruwa. Idan ka riƙe fata a shago, ka lanƙwasa gashi ɗaya a kan yatsanka ba tare da ka cire shi ba, ka ga ko zarurrukan sun miƙe tsaye suna ƙyalli, sannan ka auna tsawonsu da bakin ƙugiyar da ka zo da ita a aljihu. Wanda ya ga shekarar 2011, lokacin da mata a Amurka suka shiga yayin kitsa wannan gashi a kansu har shaguna suka ƙare farashi ya tashi, ba ya sake barin fata mai kyau ta wuce shi idan yana da hali.

Sauran kayan kuwa hunturu ne ma lokacin samunsu kusan kyauta, kuma wannan ne sababbin shiga ba su cika sani ba. A Birtaniya ana harbin fezan daga 1 ga Oktoba zuwa 1 ga Fabrairu, makwarwar Turai daga 1 ga Satumba zuwa wannan ranar, agwagwar daji ma a cikin waɗannan watanni. Duk mahaucin ƙauye da ke sayar da naman daji, da duk mai gadin dajin farauta, yana zubar da jelar fezan da fuka-fukai a kowane mako, kuma idan ka yi gaisuwa ka roƙa da ladabi da wuya a hana ka. Gashi biyu na tsakiyar jelar namijin fezan za su kai ka shekara. Makwarwa kuwa ka nemi fata cikakkiya, ko da saye ne, domin ƙunshin leda da ake sayarwa yawanci manyan gashi ne da ragowa, ƙananan da suka dace da lamba 14 da 16 a jikin fata suke. Fuskar zomon daji guda ɗaya, wadda ba ta da tsada, za ta ba ka jikin Hare's Ear fiye da yadda za ka iya ƙirgawa. Ranar da na fara ganin gashin zabo a leda da farashi a jiki sai da na yi dariya, ina tuna yadda ake share shi da tsintsiya a bayan gida, to amma kada wannan ya sa ka ce a taho maka da shi daga gida a cikin jaka, domin akwai dokoki masu tsauri kan shigo da gashi da fatar da ba a sarrafa ba saboda murar tsuntsaye, kuma ana iya ƙwacewa a filin jirgi.

Sai dai abin kyauta yana zuwa da baƙo. Wata shekara aka ba ni fiffiken agwagwa, na jefa shi cikin aljihun tebur ɗaya da fatun zakarana, zuwa Afrilu na tarar asu ya cinye gindin gashin fata biyu, ina ɗagawa yana zuba. Tun daga ranar duk abin da ya shigo gidana daga jikin dabba, ko daga shago ne, sai na cire sauran nama da kitse, in wanke shi da ruwan ɗumi da ɗan sabulun wanke-wanke, in shanya ya bushe sarai, in sa shi a ledar da ke rufuwa in ajiye a firiza mako guda, in fitar ya kwana biyu a ɗaki, sannan in mayar wani makon, saboda ƙwan da sanyin farko bai kashe ba ya ƙyanƙyashe na biyu ya same shi. Bayan haka kowane abu da ledarsa. Ka nemi izinin uwargida kafin ka sa fuskar zomo kusa da naman miya, na faɗa maka ne a matsayin wanda bai nema ba.

Zare ba ya buƙatar dogon bayani. Mai lamba 8/0 ya dace da girman da muka ambata, baƙi da ruwan ƙasa da ruwan lemo da rawaya mai haske, wanda idan ka goga masa kaki yake komawa launin zaitun na jikin Greenwell's. Lambobin nan ba ɗaya suke ba tsakanin kamfanoni, don haka ka zauna a kan kamfani guda har hannunka ya san ƙarfin zarensa. Ƙara wayar jan ƙarfe da ta ruwan zinariya, sirara, da ɗan banish na rufe kai. Dutsen da ake sawa a kan ƙuda don ya nutse iri biyu ne, na tagulla da na tangistin, kuma na biyun ya ninka na farkon nauyi fiye da sau biyu, shi ya sa ya fi tsada kuma shi ruwa mai gudu ke so. Mai milimita 3 yana tafiya da lamba 14, mai biyu da rabi da lamba 16.

Game da inda za ka saya, ni na raba abin biyu. Duk abin da inji ya ƙera, ƙugiya da zare da waya da duwatsu, ka saye shi ta intanet a lokacin rangwamen ƙarshen Nuwamba ko na bayan Kirsimeti, domin ƙunshi ɗaya daidai yake da ɗan'uwansa. Duk abin da ya tsiro a jikin dabba kuwa sai ka gani da ido ka taɓa da hannu. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Gashin nan mai laushi na kusa da jelar agwagwa da ake kira CDC, wanda F-Fly ba ya yiwuwa sai da shi, wani ƙunshin cike yake da zarurruka wani kuma tsinke ne kawai. Gashin barewar Turai ma haka, ka duba ko bakinsa a karye yake ko ya lanƙwashe a leda. Idan za ka iya haƙuri zuwa Fabrairu, akwai baje kolin British Fly Fair da ake yi a Stafford, inda za ka iya juya fatu da yawa kafin ka zaɓi ɗaya, ka kuma tsaya a gaban gwanaye ka ga yadda suke riƙe zare. Idan kuma wani ya tallata maka gashin tsuntsu mai ban sha'awa a ɓoye, musamman na zakaran dajin Indiya da ake kira jungle cock, wanda CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, ta sa wa cinikinsa takunkumi, ka tambayi takardarsa ko ka bar masa kayansa. Tun bayan da Edwin Rist ya sace fatun tsuntsaye 299 daga gidan tarihin garin Tring da ke Ingila a 2009 don sayar wa masu ɗaurin ƙudan kamun kifin salmon, kowa a wannan harka ya ƙara taka-tsantsan, kuma babu ɗaya daga cikin ƙudan shida da na lissafa da ke buƙatar irin wannan gashi.

Da kuɗin nan a hannuna yake, kusan rabinsa zai tafi a rabin fata biyu na zakara, kashi ɗaya cikin huɗu a ƙugiya da duwatsu, abin da ya rage a zare da waya da CDC da fatar makwarwa, in kuma ware ɗan wani abu don fitilar tebur mai farin haske, saboda launin da ka zaɓa a ƙarƙashin jan ƙwan ɗaki yakan ba ka kunya idan ka fita rana. Ka fara da Pheasant Tail, ka ɗaura goma sha biyu a jere kafin ka taɓa wani iri, ka yanke ukun farko da reza ka mayar da ƙugiyoyinsu. Ba sai ka jira Maris ba kafin ka gwada su, domin kifin girelin yana ci a tsakiyar sanyi a Tweed da Clyde da Annan, lasisin hunturu kawai za ka nema daga masu kula da ruwan. Idan ka shirya zuwa ka yi mini magana, akwai jelar fezan da rabin fuskar zomo da suka riga suka fito daga firiza, sai in taho maka da su.