Tambayar Mai Karatu: Me Ake Nufi Da "Bairas"?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara biyu ya yi ƙyanda da bazarar nan. Na kai shi asibitin sha-ka-tafi, ma'aikaciyar ta ce bairas ne, ta ba shi bitamin A da maganin zazzaɓi, ta hana ni saya masa kafso. Ashe ba kowace ƙwayar cuta kafso ke kashewa ba? Daga wani manomi a yankin Ringim, Jigawa.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara wa yaro sauƙi. Ma'aikaciyar nan ta yi maka gaskiya, kuma na ji daɗi da ka tambaya, domin na yi shekaru ina ganin wannan ruɗani a ƙauyukanmu.

Mu Hausawa "ƙwayar cuta" muke ce wa duka, alhali iri-iri ne. Taifot da kwalara bakteriya ke kawo su. Ita bakteriya halitta ce mai cin gashin kanta, tana ci tana hayayyafa, tana da bango a jikinta, kuma wannan bangon ne kafso irin amoksisilin ke rushewa. Bairas kuwa ya fi ta ƙanƙanta nesa ba kusa ba, madubin ɗakin gwaji na yau da kullum ma ba ya nuna shi. Ba shi da wannan bango, ba ya iya haihuwa sai ya kutsa cikin ƙwayoyin halittar jikin mutum ko na wata halitta mai rai. Kamar ƙuduji ne a gonar gero, sai ya manne wa saiwa yake rayuwa. To, kafso bai da abin da zai kama. Ƙyanda, shan inna, mura da zazzaɓin Lassa duk bairas ne.

Abin da ke yaƙar ƙyanda shi ne garkuwar jiki, allurar rigakafi kuma ita ke koya wa garkuwar sanin abokin gaba tun bai zo ba. Da rigakafi aka kai ga ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna a watan Agusta 2020.

Sai dai ka sa ido, Malam. Ƙyanda kan raunana yaro har bakteriya ta samu ƙofa. In ka ga yana numfashi da sauri, ko kunne na fitar da mugunya, ko gudawa ta ƙi tsayawa, ka mayar da shi a ranar. A nan ne za su iya rubuta masa irin maganin da aka hana ka. In kuma akwai ƙanensa a goye, a kai shi allurar ƙyanda yana wata tara, a sake yana wata goma sha biyar.